Fitilu Ɗari Biyu da Sha Huɗu na Kwamanda

A cikin manyan mutanen da Allah ya albarkaci wannan zamani da su, da wuya a samu na biyun Kwamanda. Mutum ne da ya ci yaƙi goma sha ɗaya a tsakanin taurari ba tare da ya tashi daga kujerarsa ba. Rundunarsa jiragen sama jannati talatin da biyu ce, kuma ko cikin barci ka tashe shi ya san inda kowanne yake, domin duk a kan kanta suke a ɗakin da ke kusa da banɗaki. Babbansu bai fi tsawon hannu ba. Na roba ne, amma kada ka kuskura ka faɗi haka a gabansa.

Irin jiragen nan ne da ake gani a finafinai suna tsallakawa daga wannan tauraro zuwa wancan, waɗanda har yau ba wanda ya ƙera na gaske. Ana sayar da ƙananansu a kwali, gutsi-gutsi. Mutum zai zauna ya yanko kowane gutsure da reza, ya goge bakinsa, ya ɗauka da hantsaki ya liƙa da gam, in ya gama ya bi da fenti. Masu hankali suna yi ne don su huta bayan aiki. Kwamanda kuwa yana yi ne don kare duniya, kuma tun da ya fara ba a kawo mana hari daga sama ba, sai a yi masa adalci.

Gogewar shugabancin runduna a ma'aikata ya samo ta. Shekara talatin da biyar yana mataimakin shugaban sashen sufuri, da mota biyu a ƙarƙashinsa, ɗaya tana kan duwatsu tun kafin a ɗauke shi aiki. Da ya yi ritaya sai ya ga bai kamata irin wannan basira ta tafi a banza ba. Muƙamin Kwamanda an ba shi ne a wani ƙwarya-ƙwaryar biki da aka yi a gaban madubi, inda shi ne mai naɗawa, shi ne wanda aka naɗa, shi ne kuma jama'ar da suka tafa. Maƙwabta, da yake ba a gayyace su ba, suna kiransa Mai Gam. Suna da hujja. Warin gam yana riga shi shiga shago, kuma akwai ranar da ya gaisa da mai wanki aka ɗan jima kafin a raba hannuwansu.

A ƙofar ɗakin jiragen ya manna takarda: "Cibiyar Umarni. Farar hula su ƙwanƙwasa." Farar hular gidan mutum ɗaya ce, matarsa, tunda 'ya'yan duk sun yi aure sun watse. Ita kuwa da ƙafa take ƙwanƙwasawa, don kullum hannunta yana riƙe da tiren shayinsa. Babbar 'yarsa ta taɓa zuwa ziyara ta ɗan matsar da wani jirgi don ta ajiye jaka. Zaman kotun soja aka yi mata a falo, aka same ta da laifi, aka kuma yi mata afuwa saboda ta zo da tsaraba.

Amma inda girman Kwamanda yake fitowa sosai shi ne Asabar ɗin farko ta kowane wata, a ɗakin baya na laburare, inda ƙungiyar masu haɗa jirage take zama. Su bakwai ne. Shi ya kafa ta, shi ya sayo ƙararrawar buɗe taro, shi yake zama a kujera ɗaya tilo mai hannu da katifa, sauran kuma su raba benci. In ya shigo ana miƙewa. In zai yi magana ana cewa, "Ranka ya daɗe." A nan zan ajiye wasa in faɗi gaskiya: tun ranar da ya miƙa makullin ofis, babu sauran wurin da ake miƙe masa a duniya sai wannan ɗaki. Awa biyun nan yake jira wata guda cur. Yana son kujerar nan kamar ransa, kuma yana tsoron ranar da za a ce ya koma benci.

Shekara tara ba wanda ya yi gigin taɓa ta, sai da Mai Haƙora ta shigo ƙungiya. Mace ce mai shiru-shiru, sana'arta ƙera haƙoran roba a wani asibiti, saboda haka hannunta ya saba da ƙananan abubuwa. Jiragenta ba su wuce tafin hannu ba, amma ko ka sa tabarau biyu ba za ka ga ɗigon gam a jikinsu ba. Babban laifinta a wurin Kwamanda shi ne karanta takardar umarnin da ke zuwa a cikin kwali. Sau biyu take karantawa, har da jan layi.

"Takardar umarni," in ji shi a wani taro, yana kallon silin, "an rubuta ta ne don wanda ake ba umarni. Ni bayarwa nake yi. In na buɗe kwali, jirgi da kansa yake gaya mini inda kowane gutsure zai zauna."

Wannan ne ya sa uku daga cikin jiragensa injinsu yake kallon gaba. Ya bayyana cewa na ja da baya ne, don yaudarar abokan gaba.

Wata Asabar malamin lissafi, wanda shi ne sakataren ƙungiya, ya ɗaga hannu cikin ladabi ya ce ya duba littafin taro, ya ga tun da aka kafa ƙungiya ba a taɓa yin zaɓe ba. Kwamanda ya bi fuskoki da kallo yana ƙirga a zuci. Yana da ƙuri'arsa. Yana iya samun ta mai gyaran agogo, wanda kunnensa ya yi nauyi, duk abin da aka ce sai ya gyaɗa kai. Sauran kuwa idonsu yana wajen Mai Haƙora, ita kuma tana goge tabarau kamar ba da ita ake ba. Sai ya miƙe ya gyara wuyan riga.

"Zaɓe na masu surutu ne," ya ce. "Ba a shugabancin runduna da ɗaga yatsa. Kowa ya je ya haɗa jirgi. Nan da wata huɗu a kawo alƙali daga waje, wanda bai san kowa ba. Wanda jirginsa ya zo na ɗaya, kujera tasa ce. In akwai mai jin tsoro, ƙofa a buɗe take."

Ba wanda ya fita. Mai gyaran agogo ya gyaɗa kai, sakatare ya rubuta.

Kwalin da Kwamanda ya sa aka kawo masa sai da aka karkata shi kafin ya shiga ƙofa. Gutsure ɗari tara da wani abu, jirgi mai tsawon ƙaramin tebur, da tagogi ɗari biyu da sha huɗu. Takardar umarnin ma littafi ce guda mai kauri, ta kuma yi amfani ƙwarai. Teburin aikinsa ya daɗe yana rawa, sai ya cusa ta ƙarƙashin gajeriyar ƙafar.

Haɗa jirgi kowa yana iya yi, har masu ƙera haƙora. Nasa sai ya yi abin da ba a taɓa gani ba a ɗakin baya na laburare: kowace taga za ta samu fitilarta. Ya sayo ƙananan fitilu masu girman kan ashana, da siririyar waya, da akwatin batir, da makunni. Wata biyu ya yi yana wannan aiki. Ya ƙona yatsa huɗu, ya liƙe gashin girarsa sau ɗaya, ya rame har wandonsa ya fara zamewa. Waya ta tsinke masa ba adadi, kowane lokaci kuma bincike yakan nuna masa cewa zagon ƙasa ne. Duk da haka bai fasa ba. Mai girman kai ne, amma ba rago ba ne, wannan kam ko maƙiyinsa zai shaida.

Labarin fitilun bai tsaya a gida ba. Mai shago ya ji, mai wanki ya ji, mai aski ya ji sau uku a aski ɗaya. A taron wata na uku Kwamanda ya kaɗa ƙararrawa ya ba da sanarwa ta musamman.

"Ranar da zan kunna, duk mai raunin ido ya zo da baƙin tabarau. Ƙungiya ba za ta ɗauki alhakin kowa ba. Na kuma umarci sakatare ya sanar da maƙwabtan laburare, kada su ga haske su zaci gobara ce."

Mai Haƙora ta ɗaga yatsa. "Ranka ya daɗe, in batir ya ƙare ta ina za a riƙa canzawa?"

Ya dube ta irin kallon da yake yi wa direbobi a zamanin mota biyu. "Wannan tambayar masu ƙananan jirage ce. Ki ji da naki, 'yata, kada ya faɗa cikin kofin shayi a rasa shi."

Ya yi dariya, mai gyaran agogo ya taya shi. Amma ranar Laraba da ta biyo, Kwamanda ya bi ta laburare ba tare da wani dalili ba, ya tsaya a bakin tagar ɗakin baya yana leƙen kujerar. An tura ta lungu, wani ya ɗora mata tarin tsofaffin jaridu. Ya shiga ya sauke su ɗaya bayan ɗaya, ya kaɗe katifar da hannun riga, sannan ya koma gida da sauri ya ci gaba da waya.

Akwatin batir da makunni ya zaunar da su a cikin tumbin jirgin, inda masu kwalin suka bar wani ɗan murfi. A shafi na arba'in da ɗaya na littafin umarni an zana murfin nan, an zana kwalbar gam a gefensa an soke ta da jan layi, wato kada a sa gam a nan, don a riƙa buɗewa. Shafi na arba'in da ɗaya yana can ƙarƙashin ƙafar tebur yana aikinsa.

Kafin a fesa fenti dole a rufe kowace taga da ɗan salatif, don kada fentin ya makantar da ita. Kwana uku Kwamanda ya yi yana yanka yana mannawa. Ranar da ya gama, da hantsi, ya sa hannu cikin tumbin ya danna makunni don gwaji na ƙarshe, ya leƙa ta murfin. Cikin jirgin ya haskaka gaba ɗaya, tun daga hanci har wutsiya. Kwamanda ya ƙame ya sara wa kansa, idonsa ya kawo ruwa. Irin wannan farin ciki ba ya zama a cikin mutum ɗaya, don haka ya fita ƙofar gida ya kira mai gyaran agogo a waya, ya yi minti arba'in yana kwatanta masa da ihu. Da ya dawo rana ta cika ɗakin, tagogin jirgi suna rufe da salatif, zuciyarsa kuma tana can wajen jawabin da zai yi ranar gasa. Ya ɗauki murfin ya shafe bakinsa da gam, ya danna. Da ya bushe ya ƙara wani a kai.

"A sararin samaniya," ya gaya wa bango, "hudar allura ta isa ta hallaka runduna."

Da la'asar hadari ya haɗo, ɗakin ya yi duhu-duhu. Matarsa ta ƙwanƙwasa da ƙafa ta shigo da shayi. Kwamanda ya ba jirgin baya, ya sa tabaransa na ƙara girma yana dama fenti a murfin kwalba. Ita ce ta ga wani siririn haske yana tsatsowa ta gefen salatif, taga bayan taga.

"Baban yara," ta ce, "wai jirgin nan naka haka ake barinsa yana..."

Ya ɗaga hannu bai juyo ba. "Sau nawa zan faɗa? Farar hula ba ta tsoma baki a sirrin soja."

"Ba sirri ba ne, gani na yi kamar ka manta da..."

"Mantuwa?" Wannan karon ya juyo, idanunsa sun yi ƙato-ƙato a cikin tabarau, wanda in ya sa shi ba ya ganin abin da ya wuce tafin hannunsa. "Shekara talatin da biyar ina riƙe da sashe guda ban taɓa manta ko makulli ba. Ajiye shayin, ki ja mini ƙofa. Iska tana kawo ƙura."

Ta tsaya ta dube shi, ta dubi jirgin. Shekara arba'in tana zaune da mutumin nan, ta san lokacin da magana take shiga da lokacin da ba ta shiga. "To, Allah ya ba da sa'a, ranka ya daɗe," ta ce, ta ja ƙofa a hankali.

Shi kuma ya kunna babbar fitilar tebur, ya fesa fentin farko mai kauri, ya binne salatif da hasken duka. Fitilun suka ci gaba da aikinsu a ciki tsakani da Allah, kwana biyu suna haskaka wa ba kowa, sannan suka dushe.

Mako uku yana fenti. Nan fa dole in cije in yabe shi da gaske, ko da yake ba na so. Mutumin yana da hannun fenti. Ruwan toka kala bakwai ya haɗa. Ya bi bakin injuna da baƙin hayaƙin kyandir, ya ja ƙananan karce a gefe inda wai duwatsun sama suka gogi jirgin, ya sa tsatsa a inda tsatsa take zama. Ko matarsa, da ta leƙo ranar da ya ɓare salatif, sai da ta ce, "Kai!" Gwada fitilun kuwa bai yi ba. Ya ce irin wannan haske ba a ɓarnatar da shi a gaban bango, sau ɗaya ake kunna shi, a gaban tarihi.

Ranar gasa aka ɗauki motar haya. Jirgin ya kwanta a kujerar baya a kan cinyar matarsa, Kwamanda yana gaba yana ba direba umarni, har masu tafiya a ƙasa suna wuce su. Ya sa kwat ɗinsa mai maɓallan ƙarfe, a ƙirji ya jera lambobin yabo shida da ya ƙera da ragowar robar kwali ya shafa musu ruwan zinariya. Laburare ta ba su babban zaure. Mutane sun kai talatin: iyalan 'yan ƙungiya, da wasu da suka zo karanta jarida ruwan sama ya tare su.

Alƙalin da sakatare ya samo wani tsoho ne ɗan firit, wanda ya ƙare rayuwarsa yana ƙera wa masu zanen gini ƙananan samfurin gidaje. Muryarsa sai ka sunkuya kake ji. Ya bi jirage bakwai ɗaya bayan ɗaya da gilashin ƙara girma. Ya daɗe a kan na Kwamanda, ya zagaya shi sau biyu, har ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi. Ya daɗe a kan ɗan jirgin Mai Haƙora. Sannan ya ciro 'yar takarda ya yi rubutu, ya ninke, ya gyara murya zai yi magana.

Ƙararrawa ta katse shi. Kwamanda ya ga yadda tsohon ya sunkuya a kan jirgin matar nan yana gyaɗa kai, hankalinsa ya tashi, ya ga in bai fito da babban makaminsa yanzu ba, kujera ta tafi.

"Kafin alƙali ya buɗe baki, shugaba zai yi jawabi. 'Yan runduna, farar hula, da waɗanda ruwa ya koro! Yau za ku ga abin da za ku ba jikokinku labari. Akwai masu haɗa jirgi, akwai masu ba jirgi rai. Wasu sun kawo mana abin da za a iya sawa a aljihu, ko ma a baki. Ban raina musu ba, kowa da iyakar hannunsa. Ni kuwa wata huɗu na zauna, ban ci komai ba sai abin da aka kawo mini, na sa wa wannan jirgi fitila ɗari biyu da sha huɗu. Ba ɗari biyu da sha uku ba. A ja labule!"

Tsohon ya ɗaga hannu. "Malam, da za ka ba ni minti ɗaya..."

"Ba a katse kwamanda a bakin daga. A ja labule na ce!"

Aka ja, zauren ya yi duhu. Kwamanda ya umarci jama'a su ƙirga daga goma zuwa ƙasa, suka ƙirga, har da masu jarida. Da aka zo ɗaya ya zura hannu ƙarƙashin tumbin jirgin yana murmushi.

Yatsansa ya sami fenti mai santsi. Ya matsa gaba, fenti. Ya koma baya, fenti. Ya lalubi bakin murfin ya ji shi a shafe sumul, aikin gam ninki biyu, aiki mai kyau wanda ko iska ba za ta ratsa ba. Murmushin yana nan a fuskarsa, amma ya bushe. Sai a lokacin ya tuna inda makunnin yake, da inda shi yake, da abin da ke tsakaninsu. Gumi ya karyo masa tun daga tsakiyar kai.

Jama'a suna jira. Wata mata ta sake fara ƙirga daga goma, ko an yi kuskure ne a na farko.

"Abin da kuke gani yanzu," in ji Kwamanda, "shi ne jirgi a yanayin ɓuya. In abokan gaba suna kusa, ƙwararren kwamanda yakan kashe duk fitilu. Ku lura da yadda duhun ya yi daidai a kowace taga."

Aka lura. Da ya tsaya a nan, da wataƙila an bar shi da borin kunyarsa. Amma akwai mai kyamis, ɗan ƙungiya, wanda ya sha labarin fitilun nan har sun fara fito masa a mafarki. Shi ya yi magana daga benci.

"Ranka ya daɗe, tsakani da Allah, akwai fitilun nan kuwa? Ko dai su ma a yanayin ɓuya suke tun daga shago?"

Zaure ya fashe da dariya. Abin ya soki Kwamanda har cikin rai. A ce masa mai girman kai, ya saba. A ce masa Mai Gam, yakan yi kamar bai ji ba. Amma a ce yatsun nan huɗu da ya ƙona ƙarya ne, a gaban matarsa, a gaban masu karanta jarida, wannan ba zai haɗiye ba. Ya zura hannu aljihun kwat ya zaro reza.

Tsohon ya sake ɗaga hannu, har da taku biyu gaba. "Malam, don Allah kada ka taɓa shi, ai na riga na..."

"Koma baya! Yau sai an ga gaskiya."

Ya kifa jirgin ya kafa reza a bakin murfin. Gam ninki biyu ya tsaya a kan bakansa. Ya danna, ya karkata, ya sa ƙarfinsa duka. Gam ɗin bai saki ba, robar ce ta gaji. Aka ji ƙas! Tsaga ta tashi daga tumbi ta nufi wutsiya, ta rabu biyu a hanya, reshe ɗaya ya haura sama. Injin hagu ya ɓalle ya gangara ƙarƙashin benci. Hancin jirgin ya rage a hannunsa, sauran ya zauna a kan tebur, wayoyi suna lilo a tsakani.

Shi ba ya ganin komai sai makunnin. Ya ajiye hancin a gefe ya kai yatsa zai danna, sai ya ga a danne yake. Ya kashe, ya kunna. Ya sake kashewa, ya sake kunnawa. Shiru. Ya ɗago a hankali ya nemi matarsa a cikin jama'a. Tana zaune a layin baya, jaka a cinya, ta ƙura wa silin ido kamar an yi wani rubutu a can.

Mai Haƙora ce ta taso. Tun da aka fara ba ta yi dariya ba, wannan ma ya fi dariyar ciwo. Ta buɗe jaka ta ciro 'yar tocilar da take leƙa bakin mutane da ita, ta zazzage batiran a tafin hannu ta miƙa masa.

"Gwada waɗannan, Baba."

Ya karɓa bai dube ta ba. Ya cire matattun ya sa sababbin. Sai ga haske. Hancin da ke gefe ya kama, tumbin da ya tsage ya kama, har wayoyin da ke lilo suna ɗauke da 'yan fitilunsu. Wasu sun mutu a yaƙin reza, amma mafi yawa suna nan. A duhun zauren abin ya yi kyau ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Masu jarida suka tafa, mai kyamis ya sunkuyar da kai.

Nan take Kwamanda ya dawo hayyacinsa. Ƙirji ya fito, lambobi suka yi ƙara.

"Kun gani? Wa ya ce ƙarya ne? Sakatare, a rubuta a littafin taro! Alƙali, yanzu an ba ka izinin magana. Ka gani ko ba ka gani ba?"

"Na gani," in ji tsohon, sai da kowa ya yi shiru kafin a ji shi. "Sun yi kyau. Sai dai ni ba fitila aka ce in duba ba. Kyan haɗi da kyan fenti sakatare ya ce mini."

Ya warware 'yar takardar ya juya ta wajen jama'a. Aka yaye labule don a gani. Layi na farko jirgin Kwamanda, layi na biyu na Mai Haƙora.

"Tun kafin ka kaɗa ƙararrawa na rubuta. Na 'yar nan ya fi tsafta, amma fentin naka na daɗe ban ga irinsa ba. Shi nake ta ɗaga hannu in faɗa maka."

Kwamanda ya ƙura wa takardar ido.

Tsohon ya dubi abin da ke kan tebur, ya dubi hancin da ke gefe, ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin benci inda injin ya tsaya. "To, ni jirgi na ba na ɗaya," ya ce. "Yanzu kuma na duba ban ga jirgi ba."

Ya ciro bironsa ya ɗora a kan layin farko zai soke shi. Biron ya ƙi rubutu. Ya girgiza shi, ya hura masa iska, ya goga a tafin hannu, duk a banza. Da ya ɗaga kai sai ya hango biro uku a jere a aljihun kwat, sama da lambobin yabo.

"Malam, ɗan ara mini ɗaya."

Kwamanda ya zaro na tsakiya ya miƙa masa. Biro ne mai kyau ƙwarai. Ja ɗaya ya isa.